Ranar da na kai Baba asibitin ido

Talata, bayan sallar isha'i.

Sai yanzu na samu na zauna. Tun da sanyin safiya muka fita da Baba don mu kama layi, amma ba a kira mu ba sai gab da azahar.

Shekara uku ke nan yana fama da hawan jinin ido. Bara kuma aka gano ciwon suga ya taɓa masa ƙoda. Ni a kaina na raba su gida biyu, ido da katinsa, ƙoda da nata katin. Yau ma har mun kai ƙofar gida na koma na ɗauko takardar gwajin jininsa, Allah ne kawai ya tuna mini.

Da aka auna, matsin idonsa na dama ya kai 32, alhali iyakar na mai lafiya 21 ne. Likita ta ce akan ba da ƙwayar Diamox don a sauke shi da wuri, sai ta tambaya, "Baba, akwai wani ciwon bayan suga?" Na miƙa mata takardar. Ta ga ma'aunin aikin ƙodarsa ya yi ƙasa sosai, ya sauka zuwa 24, sai ta ajiye biro.

Ta ce ƙoda ce ke fitar da wannan ƙwayar daga jiki. In ta yi rauni sai maganin ya taru, jini ya yi tsami, mutum ya riƙa gyangyaɗi da ruɗewa, numfashinsa na fita da sauri. Gabana ya faɗi. Makon jiya wani maƙwabcinmu ya kawo mana ragowar wannan ƙwayar da ya sha lokacin nasa ciwon, ya ce ta yi masa amfani. Don Allah ya yi, na sani. Na karɓa na sa a durowa, ina jiran ranar da idon zai matsa wa Baba. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Maganin ɗigawar da ya daɗe yana sawa, dorzolamide, shi ma ta ce a daina, ba a son sa in ƙoda ta gaza 30. Na ce, "Likita, ɗigo ɗaya a ido, ina shi ina ƙoda?" Ta ja fatar idon Baba ta ƙasa, ta nuna mini wata 'yar huda a gefen hanci. Ta nan ruwan ke gangarawa cikin hanci ya shiga jini. Baba ya ce, "Ashe shi ya sa nake jin ɗaci a maƙogwaro." Sau nawa ya faɗa mini haka, na ɗauka bakinsa ne kawai.

Ta bar masa ɗayan maganin ɗigawarsa na dare, latanoprost. Kafin ta ƙara masa wani maganin ɗigawa, timolol, sai da ta ƙirga bugun zuciyarsa, ta tambaya ko yana da asma. In kansa ya yi ciwo kuma, farasitamol kaɗai, ban da diclofenac da ibuprofen, saboda ƙodar.

Ɗazu na ɗiga masa yadda ta koya mini. Ya rufe ido, na danne gefen hancinsa da yatsa minti biyu, ina duba agogon waya, shi kuma yana jan carbi. Na tambaye shi ɗacin fa, ya ce bai ji ba.

Ƙwayar nan na fito da ita daga durowa, gobe zan kai kemis su san yadda za su yi da ita. Nan da mako biyu za mu koma a sake auna idon.