Wata na biyar da harsashin jan ƙarfe: inda na tsaya

Salam 'yan uwa masu koyo, kwana biyu shiru, aiki ne ya riƙe ni sannan iskar jihar Wayomin ta nan Amurka ma ta hana mu fita filin harbi kusan sati uku, duk wanda ya taɓa zama wajen garin Casper ya san abin da nake nufi, iska ce da za ta ɗauke maka takardar saiti tun kafin ka gama manna ta. To yanzu dai na samu na fita sau huɗu kuma akwai abin faɗa.

Ga wanda bai bi daga farko ba, bindigata 6.5 Creedmoor ce, harsashin da kamfanin Hornady suka fito da shi a 2007, bututunta inci 24, kuma tun bara na daina sayen na kanti na koma ɗura nawa da hannu a gareji. A nan doka ta yarda mutum ya ɗura wa kansa, a gida Najeriya kuwa laifi ne babba, kar wani ya karanta wannan ya ce bari ya gwada a Kano ko Gusau. Kuma kamar kullum ba zan rubuta awon albarushi ba, da gangan ne, kowa ya buɗe littafin kamfanin da ya sayi kayansa ya fara daga ƙasa, awon da ya zauna lafiya a bindigata zai iya fasa kwanson harsashi a taka.

Abin da ya kai ni ga jan ƙarfe zalla nama ne. Barewar da na samu bara, irin ta nan da suke kira pronghorn, da harsashi mai dalma a ciki na harbe ta, da muka zo gyara maiɗakina ta ga wasu ƙananan ɓurɓushi masu toka-toka a jikin haƙarƙari, ta ɗago ɗaya a kan wuƙa ta ce Baban Yara wannan za mu ba yara su ci? Na yanke wajen na zubar amma raina bai kwanta ba, don dalma in ta daki ƙashi tarwatsewa take yi ta bazu nesa da ramin, wasu ido ma ba ya gani. Dalilin da ya sa Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019 kenan, su nasu saboda ungulun nan kondo da ke cin kayan cikin da maharba suka bari su mutu da gubar. Ni nawa dalilin tukunyar gidana ce.

Kuskurena na farko, kuma nawa ne ba na kowa ba, na yi odar masu nauyi daga wani ƙaramin shago da ke sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya da inji mai kwamfuta, na zaɓi giren 140 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) don shi na saba harbawa, ban tsaya na karanta murɗin bututun da suke buƙata ba, wato zanen cikin bututu da ke juya harsashi, alhali a rubuce yake. Jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, dalma 11.3 ce a ma'auni shi kuma bai cika 9 ba, to don ya kai nauyi ɗaya dole ya fi tsawo, shi kuma dogon harsashi sai an juya shi da sauri kafin ya miƙe a iska, kamar katantanwar da muke murzawa muna yara, in juyin ya yi sanyi sai ta fara layi. Nawa bututun juyi ɗaya ne a duk inci 8, bai ishe su ba. A yadi 100 na je duba takarda na tarar biyu daga cikin ramukan ba zagayayyu ba ne, sun yi tsawo kamar ƙwayar shinkafa, wato harsashin a karkace ya shiga. Nan na tsaya, na mayar da sauran akwati.

Na koma kan giren 124, shi ne ya zauna. Ranar da suka iso na zauna da sikeli na auna hamsin, giren ɗaya fa kashi ɗaya ne cikin dubu bakwai na fam, kusan giram 0.065, kuma wlh bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giren ba, har na zaci sikelin ne ya maƙale na ɗora wani abu daban na gwada. In ka ɗaga ɗaya a hasken fitila za ka ga sawun wuƙar injin siriri-siriri ya zagaye shi, ga wasu kwarmi a gindinsa da ke rage gogayya da bututu, a hanci kuma ɗan rami da allura ce kawai za ta shiga. Duk aikin yana cikin wannan ramin, shi ne ke buɗewa in ya shiga jiki. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin Barnes sun fito da nasu na jan ƙarfe zalla tun 1989, abin da ƙananan shagunan suka ƙara shine ka faɗa musu bututunka da dabbar da kake nema su ba ka wanda ya dace.

Abu biyu da na gyara, a gurguje. Na wanke bututu tas kafin na canza, sannan na daina kai harsashin dab da inda zanen bututu ya fara, wannan irin ya fi son a ba shi 'yar tazara. Bayan haka harbi biyar suna haɗuwa cikin ƙasa da inci ɗaya a yadi 100, na'urar auna gudu tana ba ni wajen ƙafa 2,850 a daƙiƙa. Alhamdulillah.

Sai dai a nan ne na kusa ruɗin kaina, don da takarda ta fara kyau sai na fara buga farantin ƙarfe a yadi 600 ina jin ƙararsa tana dawowa, zuciya ta fara raya min cewa bana ko a can barewa ta tsaya tawa ce. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin, shekararsa ta haura saba'in, ya gan ni ina murna ya ce faranti ba ya gaya maka ko harsashin ya buɗe, je ka nemo galan-galan na madara ka cika da ruwa. Sati biyu ina tara galan har maƙwabta suka taya ni.

Na jera shida a yadi 300, harbi ɗaya, na farko da na biyu suka fashe ruwa ya tashi sama, na tsinci harsashin a cikin na biyar. Hancin ya buɗe gida huɗu ya lanƙwashe baya kamar furen kabewa, bakin kowane ɓari da kaifi har ya ɗan yanke ni a yatsa, na kai gida na ɗora a sikeli kusan duk nauyinsa na nan. Sai na kai wasu shidan yadi 550. Sai a harbi na uku na samu layin, iska ta ture biyun farko, wannan kansa darasi ne. Wanda na tsinta a ƙasa bayan galan na ƙarshe hancinsa ɗan buɗewa kawai ya yi, da ƙyar ya fi jikinsa faɗi, na juya shi a tafin hannu na daɗe ina kallo. Da barewa ce da ya ratsa ta kamar tsinke ta gudu ta je ta mutu a wani kwari bayan kwana biyu ban same ta ba.

Jan ƙarfe ya fi dalma tauri, gudu yake so kafin ya buɗe, yawancin masu yin sa suna cewa kar ya gaza ƙafa 1,800 zuwa 2,000 a daƙiƙa lokacin da ya isa, kuma a ganina wannan lambar ta ƙasa ce ƙwarai, buɗewar da za ka yi alfahari da ita tana sama da haka. Ga kuma iska. Mai gudun mil 10 a awa daga gefe tana ture nawa kusan ƙafa guda a yadi 400, alhali wajen huhu da zuciyar barewar nan bai fi faɗin faranti na cin abinci ba, inci takwas haka, kuma mil 10 a Wayomin ranar sauƙi ce. In na yi kuskuren karanta iskar da rabi kawai na fita daga huhu na shiga tumbi.

Don haka na yanke wa kaina yadi 350, in akwai iska 250, in ta fi haka nisa zan ja ciki in matsa ko in haƙura. Na san wasu cikinmu suna ganin to miye amfanin kashe kuɗi kan harsashin nesa in a nan za ka tsaya, ni kam amfaninsa shine yanzu na san iyakata da idona, ba daga bayan akwati na karanta ba. Mutum ya yi bismillah ya ja kunama a kan rai, ya kamata ya san abin da zai faru a can ƙarshen.

Saura sati shida a buɗe farauta a yankin da takardata ta izinin farauta ta fito. Abin da ya rage min shine harbi daga kan jaka da sanduna maimakon tebur, da gwada harbin farko da sassafe bututu na sanyi, don na lura yana sauka sama kaɗan da sauran. Wanda ke da bututu mai juyi ɗaya a inci 7 ya yi min magana, giren 140 ɗin nan guda talatin da takwas suna nan a akwati.