Darasin sarƙa biyu a matakalar lantarki mai lanƙwasa

A matakalar lantarki miƙaƙƙiya, irin ta manyan kantuna da filayen jirgin sama, sarƙoƙi biyu ne ke jan matakai, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tsawonsu ɗaya, gudunsu ɗaya, faifan haƙoran da ke jan su ma girmansu ɗaya. Da zarar an ce matakalar ta lanƙwasa tana hawa tana zagayawa, duk wannan daidaito ya rushe. Wani injiniya Ba'amurke, Jesse Reno, ya gwada irinta a tashar jirgin ƙasa ta Holloway Road a Landan a 1906, amma ba a taɓa buɗe ta ga jama'a ba. Sai a 1985 kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya kafa ta farko mai aiki a Osaka, daga baya ta isa San Faransisko da Las Vegas da Shanghai. Wannan jinkiri na kusan shekara 80 lissafi ne ya jawo shi, kuma makanikin da bai fahimci lissafin ba, gyaransa zai zama na lalube.

Sarƙar waje ta fi ta ciki nisan tafiya, alhali dole su iso tare, tunda mataki ɗaya suke ɗauke da shi. Don haka gaɓoɓin ta waje sun fi tsawo, faifanta ya fi girma, amma yawan haƙoran faifan biyu ɗaya ne. Wannan kowa na iya ganewa. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin hawa.

A ɗauki misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi. A ce tsakanin mataki da mataki sarƙar ciki milimita 400 ce, ta waje 480, tazarar sarƙoƙin biyu kuma mita 1.2. A shimfiɗaɗɗen wuri, wato bakin shiga da bakin fita, ta waje ta ninka ta ciki sau 1.2, don haka sarƙar ciki tana nesa da cibiyar zagayen da mita 6. To, ga hawa ya fara, kowane mataki ya ɗara na bayansa tsayi da milimita 200. Wannan 200 ɗin ɗaya ce ga ɓangarorin biyu, amma ba ta cin su daidai. In aka duba daga sama, tafiyar sarƙar ciki ta ragu zuwa kimanin 346, ta waje zuwa kimanin 436. Ninkin ya tashi daga 1.2 ya koma 1.26, kuma da wannan ninki, nisan sarƙar ciki daga cibiya ya zama kusan mita 4.6. Ma'ana, lanƙwasar ta fi tsanani a tsakiyar hawa fiye da baki. Ɓangaren ciki yana hawa da digiri 30, na waje bai kai 25 ba.

Abin da Mitsubishi ya yi ke nan: ya bar cibiyar zagayen tana gusawa daki-daki gwargwadon gangaren kowane sashe. Shi ya sa, in ka leƙo ta daga bene na sama, ba da'ira guda za ka gani ba, gutattakin da'irori ne aka haɗa. Darasin da ke nan ga mai gyara babba ne. Layin ƙarfen da tayoyin matakai ke bi ba abin da za a buga da guduma a ce ya zauna ba ne. An sarrafa shi a masana'anta da daidaiton da ya kai milimita 0.1, kuma ƙaramin kuskure a sashen da gangare ke canzawa yakan sa sarƙa ɗaya ta ja ɗaya ta saki.

Ita kanta sarƙar daban ce. Cen ɗin keke gefe guda kawai yake lanƙwasawa, in ka murɗa shi ta gefe sai ya ƙage. Wannan kuwa dole ta lanƙwasa sama da ƙasa, ta lanƙwasa gefe, ta kuma ɗan murɗe, shi ya sa ake sa boris mai zagayayyen kai a mahaɗan gaɓoɓinta. Nan ne mai ya fi muhimmanci. In boris ɗin ya bushe, gaɓa takan riƙe, sai a ji ƙara tana maimaita kanta a wuri guda duk lokacin da wannan gaɓar ta zo wucewa. Mai da yawa shi ma illa ne, don yana tara ƙura ya zama abin goga ƙarfe.

Akwai wani ƙarfi da babu shi a miƙaƙƙiyar matakala. Sarƙar da aka ɗaure tamau a kan lanƙwasa kullum tana neman miƙewa, wato tana ja zuwa ciki. Ƙananan tayoyin gefe ne ke tare wannan ja, suna bin layinsu. A ganina, babu kuskuren da ya fi yawa kamar ƙara ɗaure sifirin ɗin da ke ƙasan matakala, wanda ke riƙe sarƙa tamau, don a kashe ƙara. Ƙarar takan lafa na ɗan lokaci, amma nauyin ya koma kan tayoyin gefe, su cinye, matakai su fara gogar bangon ciki. A ɗaure kowane sifirin daidai da tsawon da littafin masana'anta ya faɗa, a auna da ruwula, kada a dogara da ji a hannu.

Sarƙa tana ƙara tsawo da amfani, saboda fil da mazauninsa suna cinyewa. Hatsarin a nan shi ne biyun ba sa cinyewa daidai. Ana auna tsawon adadin gaɓoɓi iri ɗaya a kowane ɓangare, a gwada kowacce da ma'auninta na asali, ba da 'yar'uwarta ba, tunda dama can ba tsawonsu ɗaya ba. In ɗaya ta fi miƙewa, mataki yakan iso bakin fita a karkace, ramukansa su kasa shiga haƙoran farantin nan mai kama da mataji. Haƙori ya karye, ko makunnin tsaro ya tsayar da injin, kuma tsayawar ita ce sa'a. Ƙa'idar Turai ta EN 115 ta ce tazarar mataki da mataki kada ta wuce milimita 6, ta mataki da bangon gefe kada ta wuce 4 a ɓangare ɗaya, jimillar biyun kuma 7. Yatsan yaro da bakin doguwar riga ake karewa da waɗannan alƙaluma. In za a canza sarƙa, a canza duka biyun tare, a kuma duba haƙoran faifan, don sabuwar sarƙa a kan cinyayyen faifai ba ta daɗewa.

Robar da ake dafawa ma tana cikin lissafin. Ta waje dole ta fi ta ciki gudu, kowacce ta bi gudun gefen matakin da ke kusa da ita. Bayan kowane aiki a kan sarƙa, sai a sa alamar alli a kan roba da kan mataki a bakin shiga, a bi su har sama ta ɓangaren ciki, sannan a sake ta ɓangaren waje. Robar na iya ɗan wuce mataki, har zuwa kashi 2 cikin 100, amma kada ta ja baya, domin mai riƙe da ita baya za ta janyo shi.