Dabarar kawar da harafi a aljabra

A duk darussan aljabra, babu wanda ya zauna mini a rai kamar dabarar kawar da harafi. Za a ba ka jumlolin daidaito biyu, kowace ɗauke da x da y, kuma babu wadda za ta warwaru ita kaɗai. Ɗauki 3x + 2y = 13 da 5x − 2y = 11. Kana tara su, 2y da −2y sun cinye juna, saura 8x = 24. Ke nan x = 3. Ka mayar da 3 cikin ta farko, y ya fito 2.

Aikin ba wuya, amma na daɗe ina tambayar kaina: wa ya halatta mana tara jumla da jumla? Amsar tana cikin alamar daidai. Tunda 5x − 2y nauyinsa ɗaya da 11, zuba wannan a hagu da wancan a dama daidai yake da ɗora kaya iri ɗaya a bangarorin sikeli biyu. A ganina wannan ne ya kamata a fara koya wa ɗalibi, tun kafin matakai. Wanda ya gane shi, in ya zo kan 2x + 3y = 11 da 5x + 2y = 22, ba zai ninka hagu ya bar dama ba. Don adadin y ya zo ɗaya a jumlolin biyu, zai ninka ta farko gaba ɗayanta sau 2, ta biyu sau 3, ya sami 4x + 6y = 22 da 15x + 6y = 66. Ya ɗebe, 11x = 44, x = 4, y = 1.

Dabarar ma tsohuwa ce. Yau ana jingina ta ga Gauss, masanin lissafin Jamus da ya rasu a 1855, alhali masana a ƙasar Sin sun yi aiki da ita da 'yan sandunan ƙirga kusan shekara 2,000 da suka wuce.

Wani lokaci haruffan biyu kan ɓace tare, kuma nan ne ɗalibai kan firgita su goge aikinsu. A x + y = 4 da 2x + 2y = 11, ninka ta farko sau 2 ka ɗebe, sai ka ga 0 = 3. Lissafinka lafiya lau yake. Jumlolin ne ke ƙaryata juna: in aka zana su a graf, layuka biyu ne masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba za su taɓa haɗuwa ba, don haka babu amsa. Da a ce 0 = 0 ya fito, to layi ɗaya aka rubuta sau biyu, amsoshinsa kuwa ba iyaka.