Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Haɗa kyamarar ƙarƙashin ruwa kafin hawa jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin wannan tarihi mako-mako. Makon jiya mun tsaya a kan shirin tafiya Bahar Maliya. Wannan makon zan jingine labari tukuna, mu zauna kan haɗa kaya, domin ruwan da ke cinye kyamara a teku, sau da yawa tun daga ɗakin da aka haɗa kayan aka buɗe masa ƙofa.

Mai tashi daga Sakkwato ba jirgi ɗaya zai hau ba. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja ko Legas, daga can Alƙahira, sannan Hurgada, garin da ke bakin Bahar Maliya a Masar. Tashi uku, sauka uku, kuma kowace tasha akwatinka na iya kwana a baya. Saboda haka kafin ka taɓa komai, raba kayan gida biyu: abin da in ya ɓata tafiyar ta tashi a banza, da abin da za ka iya aro ko haya a can. Kyamara, ruwan tabarau, gidan kyamara mai hana ruwa shiga, ƙoƙon gilashin da ake ɗaurawa a gabansa, katin ajiyar hoto da batura, duk jakar hannu. Hannuwan alminiyom da ake ɗaura fitilu, maƙalansu, sukudireba, wuƙar nutso da rigar nutso, waɗannan su tafi ƙasan jirgi. Wuƙa dai ko ka so ba za a bar ka ka shiga da ita ba.

Yanzu ga babbar maganar. Kada ka kuskura ka hau jirgi da gidan kyamara a rufe ruf. Abin da ke tare ruwa zoben roba ne da ke kwance cikin kwarmi a bakin murfi, kuma an yi shi ne don matsi mai zuwa daga waje. A zurfin mita 30 matsin ya ninka na bakin teku sau huɗu, yana ƙara danne murfin, zoben yana ƙara kamawa. A jirgi kuwa abin juyewa yake yi. Iskar cikin jirgi kamar ta saman dutse ce mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, don haka iskar da ka rufe a Sakkwato ta fi ta waje ƙarfi, sai ta tura zoben ta sulale. Da jirgi ya sauka, iskar waje ta danne murfin, ya ƙi buɗuwa ƙememe. Nan ne mai gaggawa ke sa bakin sukudireba ya ɓanɓare, ya karce wurin da zoben ke kwanciya. Wannan karcen ba ya gyaruwa a bakin teku, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Maganin mai sauƙi ne: cire babban zoben, ka sa shi a ƙaramar leda mai zif, ka ajiye ledar cikin gidan kyamarar, daidai inda kyamara ke zama, yadda ba za ka iya ɗaura ta ba sai ka ga ledar. Ina nanata wannan domin manta mayar da zobe ya fi barinsa a rufe muni nesa ba kusa ba. In gidan naka yana da bawul ɗin zuƙe iska, buɗe shi ma ya wadatar.

Mu 'yan Sakkwato muna da abokin gaba da masu rubuta takardar bayanin kayan nan ba su yi lissafinsa ba, wato ƙurar hunturu. Zoben yana da maiƙo, ƙura kuwa maiƙo take nema. Ƙwayar rairayi ɗaya ko silin gashi ɗaya a kan zobe ya isa ruwa ya samu hanya. Rufe taga, kashe fanka, shimfiɗa farin ƙyalle marar gashi. Ɗago zoben da gefen katin roba, ba da allura ko reza ba. Man shafa shi kuma na kamfanin da ya ƙera gidan kawai, gwargwadon ƙwayar shinkafa, ka murza tsakanin yatsu biyu har ya yi sheƙi. Man ba ya tare ruwa, santsi kawai yake bai wa zoben ya zauna daidai, in ya yi yawa ma datti yake tarawa. Basilin ko giris ɗin bakanike na iya kumbura robar. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada jakar ta yini a bayan mota.

Batura suna da dokarsu. Na litiyom da ba sa cikin na'ura jakar hannu kaɗai ake sa su, domin in ɗaya ya kama wuta a inda mutane suke za a gani a kashe. Wanda bai wuce awa-wat 100 ba, wato ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka, ana shiga da shi. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kawai. Sama da haka ba a ɗauka. In ba a rubuta a jikinsa ba, ninka bolt da amfiya-awa: batirin kyamara mai bolt 7.2 da miliamfiya-awa 2,280, wato amfiya-awa 2.28, yana ba da kusan awa-wat 16, ka ga da sauran tazara. Manna salatif a bakin kowanne, ko ka sa shi a kwalinsa, kada ya gogi makulli ko kwabbai. Fitilar bidiyo kuwa cire mata batir gaba ɗaya. In ta kunna kanta cikin jaka, babu ruwan da zai sanyaya ta, zafinta na iya narka soso.

Sai rigimar sikeli. Jakar hannu a jirage da yawa kilo 7 ce, akwati mai tauri irin Pelican 1510 kuwa shi kaɗai ya kusa kilo 6 tun ba a sa komai ba. A ganina jakar goyo mai soso ta fi wa mai tashi uku amfani. Kyamara ka rataya a wuya, batura a aljihun riga. Ƙoƙon gilashi ka sa masa hularsa, ka juya fuskarsa ciki, ka kewaye shi da tufafi masu laushi. Wayar da ke kai haske daga kyamara zuwa fitila a naɗe ta da faɗi, in ta lanƙwashe sosai zaren cikinta karyewa yake yi ba tare da ka gani daga waje ba. Kada ka manta soket ɗin Masar mai hanci biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba.

Da ka isa, mayar da zobe, sa tishu cikin gidan ba kyamara, ka nutsa da shi haka nan. Tishu ya fito a bushe, sannan kyamara ta shiga.

Dawowa ma tana da shirinta. Jiƙa gidan a ruwan daɗi yana rufe, ka danna kowane maɓalli sau da yawa, domin gishiri in ya bushe daskarewa yake yi a ƙarƙashin maɓallan. Bari ya bushe a inuwa kafin ka buɗe, ka sake cire zoben. Jikinka shi ma yana buƙatar lokaci: bayan kwanaki ana nutso, aƙalla awa 18 kafin hawa jirgi, masu taka-tsantsan suna cika 24, domin iskar naitirojin da jini ya sha ta samu fita. Wannan ranar hutun ita ce ta shanya kaya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗora daga saukar Hurgada.