Faɗin tiyo kafin man santsi: jan wayar intanet a gine-ginen Damagaram

Sau da yawa wayar intanet da ke lalacewa a cikin bango, tun ranar da aka ja ta cikin tiyo ta lalace, kuma dalilin bai wuce ƙaramin tiyo ba. Mai gida yana son rage kuɗi, mai shago a kasuwar Dole ya miƙo mai lamba 20, sai a cusa waya uku a ciki ana ja da ƙarfin tsiya.

Lambar da ke jikin tiyon roba, 20 ko 25 ko 32 ko 40, faɗin waje ce a milimita. A tiyo mai lanƙwasuwa mai zobe-zobe a jiki, wanda masu lantarki ke kira ICTA, cikin mai 20 bai wuce milimita 14 ba, mai 25 kamar 18, mai 32 kamar 24, mai 40 kamar 31. Ita kuwa wayar intanet samfurin Cat6 kaurinta wajen milimita 6 ne. Ƙa'idar Faransa da masu aikinmu suka saba da ita ta ce kada wayoyi su cika fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin tiyo. Ta Amurka ta yarda da kashi 40 cikin ɗari idan wayoyin sun kai uku. Da lissafin kashi ɗaya cikin uku, mai 20 waya ɗaya yake ɗauka, mai 25 uku, mai 32 biyar, mai 40 takwas. Cat6A ta fi kauri, tana kai milimita 7 zuwa 8, don haka a rage adadin.

Amma waya uku a mai 25 akwai tarko. Idan faɗin cikin tiyo ya kusan ninka kaurin waya sau uku, a kan kwana wayoyin sukan jeru gefe da gefe su cije, ba gaba ba baya. Milimita 18 da waya mai 6 daidai wannan ke nan. A sa biyu, ko a haura zuwa mai 32. Ni a ganina mai 32 ya kamata ya zama na yau da kullum, domin gobe sai an ce a ƙara kyamara.

Kada tiyo ya lanƙwasa fiye da sau biyu tsakanin akwatin waya da na gaba, kuma kada tazarar ta wuce mita 30. Ƙarfin ja kada ya haura kilo 11. Fiye da haka murɗin igiyoyin tagulla na ciki yana warwarewa, waya ta yi kyau a ido amma gudun ya faɗi. Wayar arha mai alminiyam da aka shafa wa tagulla ma tsinkewa take yi.

Sai man santsi. Wanda aka yi domin wannan aiki, mai ruwa-ruwa irin na kamfanin Polywater ko 3M, shi ne daidai. Baƙin mai, giris da basilin suna cin rigar waya a hankali. Man gyaɗa gayyatar ɓera ne. Ruwan Omo ko sabulu yana santsi na ɗan lokaci, ya bushe ya zama danƙo, ranar da za a sauya waya sai an fasa bango. In babu na ainihi kuma tazarar gajera ce, hodar talk ta fi waɗannan duka.

Rabin lita ya ishi mita 30 na mai 32. A zuba kaɗan a bakin tiyo, mutum ɗaya yana shafa wa waya da hannu yana turawa, ɗaya yana ja a hankali ba fizga. Zafin Afrilu da Mayu yana busar da man da wuri, musamman ƙarƙashin kwano, shi ya sa aikin sassafe ya fi. Kada a yi gwaji da na'ura nan take: waya mai jiƙe da man tana iya nuna asarar sigina, a bar ta kwanaki ta bushe.

Kafin ja, a bi tiyon da tsumma ɗaure a igiya. Ƙurar hunturu da gidan zanzaro suna toshe tiyon da aka bari a buɗe, yashi kuwa in ya haɗu da man santsi kankare rigar waya yake yi. Bayan an gama a bar igiyar ja guda a ciki, a toshe bakunan biyu.