Inda na kai a Haskell: sunan fayil da sunan modul

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da warhaka. Satin nan na tsaya ne kan rarraba ɗan aikina gida-gida, don fayil ɗayan da nake ta zuba komai a ciki ya yi tsawo har neman abu ya zama aiki, to a nan maganar modul ta taso, wato ɓangaren shiri mai sunan kansa da ake iya kira daga wani fayil.

A Haskell, yaren rubuta manhajar kwamfuta da muke koyo, sunan modul adireshi ne. In ka rubuta module Lissafi.Kudi where a saman fayil, duk wanda ya yi import ɗinsa GHC, manhajar da ke fassara abin da ka rubuta da Haskell zuwa shirin da kwamfuta za ta gudanar, zai je folda mai suna Lissafi ya nemi Kudi.hs, wato kowane ɗigo a sunan shiga folda ne. Data.Map.Strict ɗin nan da muke kira kullum ma zaune yake a Data/Map/Strict.hs cikin kunshin modul-modul mai suna containers. Kuma dole kowane ɓangaren suna ya fara da babban baƙi, shi ya sa foldojin ma haka suke. Don Allah ku kula da wannan, Linux yana bambanta Kudi.hs da kudi.hs amma Windows da Mac a yadda suka zo ba ruwansu, sai aiki ya tashi lafiya lau a kwamfutarka, ka tura wa mai Linux GHC ya ce masa sam bai ga modul ɗin ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba yaren ne ya kafa wannan dokar ba. Rahoton Haskell 2010 bai ce modul kaza ya zauna a fayil kaza ba, GHC ne ya ɗauki tsarin don ya san inda zai nemo abu. A Haskell 98 ma babu ɗigo a sunaye, irin su List da Char da Maybe ne kawai, daga baya aka shigo da masu hawa-hawa.

Main kuwa shi ba a takura masa ba, ka sa wa fayil ɗin sunan da ka ga dama tunda ba mai import ɗinsa, in ma ba ka rubuta layin module ba gaba ɗaya Main za a ɗauke shi.

Sai cabal, manhajar da ke gina aikin Haskell bisa abin da ka rubuta a fayil ɗin .cabal. In ka sa hs-source-dirs: src to daga cikin src ake fara ƙirga hanya, src ɗin ba ya shiga sunan modul. Kuma kowane sabon modul sai ka rubuta shi a exposed-modules in na mutane ne, ko other-modules in na cikin gida ne, in ka manta za ka ga gargaɗi, wani lokacin ma haɗawar ƙarshe ta ƙi.

Na ɗan leƙa maƙwabta, wato wasu yarukan rubuta manhaja. A OCaml ba ka rubuta komai a sama, lissafi.ml shi ne modul Lissafi kai tsaye, lissafi.mli kuma ya faɗi abin da za a gani daga waje. Erlang yana so -module(lissafi). ya yi daidai da lissafi.erl, Elixir kuma ya sakar maka mara. Ni dai na Haskell ya fi kwanta min, don ina ganin import na san foldar da zan buɗe ko a aikin wani ne.

Yanzu ina kwashe ƙananan fankshin masu taimako zuwa Lissafi/Internal.hs, daga nan zan koma kan jerin abin da kowane modul zai fitar waje.