Talata: ramnos da fukos sun cinye mini yini

Sukari biyu kacal nake son haɗawa, amma har magariba ina tsaye a ɗakin gwaji. Ramnos da fukos, su ne farkon jerin sukari huɗu da ke maƙale a gefe ɗaya na QS-21, sinadarin da ake tatsa daga ɓawon bishiyar Quillaja ta ƙasar Chile. Aikinsa a allurar rigakafi shi ne zaburar da garkuwar jiki. Yana cikin allurar RTS,S ta zazzaɓin cizon sauro, yana cikin Shingrix, allurar rigakafin ciwon ƙuraje masu zafi da ake kira shingles.

Tun da safe na gasa kwalabe a tanda, domin ko danshi kaɗan ya shiga, ruwan ne zai riga fukos cafke ramnos. Na sanyaya kwalbar da busasshiyar ƙanƙara har digiri 78 ƙasa da sifili, sannan na riƙa ɗiga sinadarin da ke tayar da haɗin da sirinji, ɗis ɗis, ina kallon agogo.

Fitinar sukari ita ce hannuwansa, wato wuraren da wani sukarin zai iya kamawa, sun yi yawa, kuma duk kamarsu ɗaya. Ni kuwa hannu na 2 na fukos kawai nake so ya kama. Sai an bi sauran ɗaya bayan ɗaya an sa musu safa, wato an rufe su da wani sinadari, a yi haɗin, a dawo a cire safar ba tare da an tsinka abin da aka ɗinka ba. Haɗin kansa awa guda ne. Sawa da cirewar nan su ke cin makonni, kuma ba wanda ke yaba maka a kansu.

Da azahar na ɗiga kaɗan a farantin silika, wanda ke rarrabe abubuwan da ke cikin haɗin, na tsoma a rini, na hura masa zafi. Sabon tabo ya fito baƙi ƙirin, da wani siririn inuwa a ƙarƙashinsa wanda ban so gani ba. Ina zargin ɗan'uwansa ne mai juyayyen haɗi, beta maimakon alfa.

Wata sabuwar ɗaliba ta leƙo ta ce, "Yaya, tunda bishiya na yin sa, wahalar me muke sha?" Na ce mata bishiyar ba ta ba da shi da yawa, kuma ba ta ba ka guntu ka gwada. Tawagar masanin sinadarai David Gin ta haɗa QS-21 gaba ɗaya a 2005, kuma ta wannan hanyar aka gano a 2014 cewa ana iya cire sukari uku masu reshe da ke ɗaya gefen QS-21, ƙarfin bai tafi ba. A 2024 masu bincike a Berkeley ta Amurka sun sa yis ya ƙera shi. Na yi murna, amma a ganina yis ba zai raba mu da aiki ba tukuna: abin da aka koya masa yake yi, mu kuwa muna iya sauya sukari ɗaya mu ga me zai faru.

Da yamma na tace haɗin ta bututun silika, na busar, na samu farin kumfa a gindin kwalba. Na rubuta sunana a layin NMR, na'urar da ke nuna tsarin sinadari, na gobe da ƙarfe 9, shi zai raba gardama kan inuwar nan.